Malam, Jirginka Yana da Hon? Tambayoyin Majalisa Kan Ƙaramin Jirgin Sama da Amsoshinsu

A Agege nake zaune, ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi in za su sauka a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Duk wanda ya taɓa shan shayi a Zango da daddare ya san yadda hira ke tsayawa in babban jirgi ya taho, a jira rugugin ya wuce, sannan a ɗora daga inda aka kwana. Tun ranar da 'yan majalisarmu suka san ina tuƙa ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, tambaya ba ta yanke mini ba. Rabinta tsokana ce, kuma ina jin daɗinta, domin na lura kusan kowace tsokana tana zaune ne a kan wani abu da ya taɓa ceton rai ko ya ci rai. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Jirgin yana da hon? In kun yi kiciɓis da wani a sama, ya kake ce masa ya matsa?

Babu hon na korar mutane. Ido ne da rediyo, sai doka guda da kowa ya sani: in jirage biyu suka fuskanci juna, kowanne ya karkata dama.

Amma akwai wani hon a ciki, kuma matuƙi yake yi wa magana. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa sumul. In ka ɗaga hancin jirgin ya wuce kima, iskar sai ta wargaje, fiffiken ya saki, jirgin ya fara nutsewa ko da injin na aiki. Kafin a kai nan hon ɗin zai yi kuka. A jirgin Cessna 172, wanda shi na fi sabawa da shi, wani ɗan rami ne a gaban fiffiken hagu, iska ce ke busa shi kamar sarewa, ba ya buƙatar batir. Kafin tashi mukan ɗora hankici a bakin ramin mu zuƙa, mu ji ko zai yi ƙara. Ranar da wani abokina mai sayar da goro ya ga ina yin haka, ya ce ashe har sumba ake yi wa jirgi kafin ya yarda ya tashi. Maganin kukan hon ɗin shi ne ka sauke hanci ka ƙara wuta, alhali zuciyarka na ce maka ka ja sama. Shi ya sa malami ke hawa da ɗalibi can sama ya sa shi ya maimaita har hannu ya saba.

Yana yin ribas?

Ba ya yi. Ba shi da giya ma. In za a mayar da shi baya, ƙarfe ake maƙala wa tayar gaba a tura da hannu. A ƙasa da ƙafa ake juya shi, birki kuma yana saman abin da kake takawa da ƙafa. Duk direban mota da ya fara koyo sai ya murɗa sitiyari a ƙasa ya ga jirgin bai ko kula shi ba.

An ce farfelar nan fanka ce ta sanyaya matuƙi, wai in ta tsaya sai ka ga gumi ya karyo masa. Gaskiya ne?

Tsohon barkwancin matuƙa ne, kuma su suka fi kowa dariyarsa. Abin da yake ɓoyewa shi ne tambayar da kowa ke tsoron yi: in injin ya mutu a sama, shi ke nan?

A'a. Jirgin ba ya faɗowa kamar dutse. Cessna 172 in injinsa ya tsaya, duk mita ɗaya da ya sauka yana cin kusan mita 9 a gaba. Daga ƙafa 5,000 kana da wajen kilomita 13 a hannunka da minti 6 zuwa 7. Ba lokaci ne mai yawa ba, amma ya isa ga wanda ya san abin da zai yi da shi. Da farko ka riƙe gudun da ya fi kai jirgin nesa, wato wajen kilomita 125 a awa. Sai ka zaɓi wurin sauka ka nufe shi. Sannan ka duba ko injin zai tashi: makunnin mai, tankin da ake sha, makulli. Bayan nan ne ake kiran "Mayday" sau uku a rediyo, a kan tashar da kake magana da ita ko a kan tashar gaggawa ta 121.5, a sa lamba 7700 a na'urar da ke nuna ka a allon masu kula da sama. Tuƙi ne farko, magana ce ƙarshe. An yi mutanen da suka shagala da rediyo jirgi ya kuɓuce musu.

Wahalar Legas ita ce wurin sauka. A Zariya ko Ilorin, ko'ina ka duba gona ce. A nan daga Agege har Oshodi rufin kwano ne ya haɗe da rufin kwano. Shi ya sa in na tashi daga Ikeja idona ba ya hutawa, kowane minti ina tambayar kaina, in ya tsaya yanzu ina zan nufa? A watan Agusta na 2023 wani ƙaramin jirgi ya faɗo a titin Oba Akran da ke Ikeja da rana tsaka, ya kama da wuta, Allah ya sa waɗanda ke ciki suka fita da ransu. Mutanen da suka ruga suka jawo su sun cancanci godiya.

Injin kansa an yi shi da shirin ko-ta-kwana. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, kuma na'urori biyu ne ke ba su wuta, babu ruwansu da batir. Ko lantarkin jirgin ya ɗauke gaba ɗaya, injin zai ci gaba da juyawa.

To ai ga gadar Third Mainland, ka sauka a kanta mana.

Tsawonta ya kai kilomita 11.8, ya ninka titin jirgi mafi tsawo na Ikeja sau uku. Amma titin jirgi babu fitilun kan hanya a jere, babu danfo, babu mai sayar da gala yana ratsawa. Faɗin fukafukan jirgin mita 11 ne. Wurin da za ka jefa rayukan wasu cikin haɗari ba wurin sauka ba ne. Bakin teku ko gefen ruwa mara zurfi ya fi.

In mai ya yanke maka, akwai 'yan bumburutu a can?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin ƙarewar mai tana cikin abubuwan da suka fi kayar da ƙananan jirage, kuma kusan kullum abu ne da za a iya kauce masa tun a ƙasa.

Ba da lita muke lissafin mai ba, da awa muke yi. Cessna 172 na shan lita 30 zuwa 35 a awa. Kafin tashi sai na taka tsani na buɗe murfin tanki a saman fiffike, na zura sandar awo na gani da idona, ban dogara da agogon mai ba. Doka ta ce bayan man da zai kai ka, dole ka sauka da ragowar aƙalla na minti 30 da rana, 45 da dare. Ni awa guda nake bari. A watan Agusta na 2020 wani helikwafta da ya taso daga Fatakwal ya faɗo a Opebi, saura ƙiris ya isa filin jirgi, mutum uku suka rasu. Rahoton farko na masu bincike ya ce ba a sami mai a tankinsa ba.

Man ma ba na gidan mai ba ne. Nasa sunansa 100LL, an rina shi shuɗi don kada a rikita shi da na manyan jirage, wanda kananzir ne. In aka zuba wa injin fetur kananzir, zai iya tashi lafiya ya mutu bayan an bar ƙasa. Shuɗin nan yana da wuyar samu a Najeriya ga tsada, shi ya sa ake komawa ga jirage irin Diamond masu injin da ke shan kananzir.

Sai ruwa. Wata safiya a damina, bayan an kwana ana zabga ruwa irin na Legas, na tara ɗan kofin gwaji a ƙarƙashin fiffike na tatso mai. Na ɗaga shi saitin haske, sai ga wani ɗigo fari kamar ƙwayar gero kwance a gindin kofin, ƙarƙashin shuɗin. Na sake tatsa, ya ƙaru. Sai da na cika kofin sau shida kafin man ya fito tas. Robar murfin tankin ce ta tsufa. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda injin ke zuƙa. Ban tashi ranar ba sai da injiniya ya canza robar.

Kujera huɗu ce, mu huɗu ne. Ga buhun shinkafa ɗaya da ɗan ragon Sallah. Ai za ta ɗauka ko?

Ba za ta ɗauka ba, Alhaji. Duk abin da za a ɗora wa jirgin, har da mai, bai wuce kilo 400 ba ko kusa da haka. In aka cika tanki, lita 200 ke nan, kilo 145 ya tafi. Abin da ya rage na manya uku ne, su ma ba masu ƙiba sosai ba. Wurin kaya a baya kilo 54 ne iyakarsa, buhun shinkafa ɗaya ya cinye shi. Rago kuwa ko nauyinsa ya shiga, ba na ɗaukar abin da zai iya zabura ya tako mini sitiyari.

Ba yawan nauyin kaɗai ake dubawa ba, har da inda aka ajiye shi. In kaya suka yi yawa a baya, hanci zai riƙa ɗagawa da kansa, mu koma ga maganar hon ɗin can. Ga zafi kuma: da rana tsaka iska ba ta da kauri, injin ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, jirgin ya daɗe yana gudu a ƙasa kafin ya ɗaga.

Gwaggona ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba don na tambaye ta nauyinta. Ta ce, “Kai yanzu ni za ka ɗora a sikeli kamar buhun masara?” Na ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, ni ma sai na hau kafin in shiga.” A tashar mota kwandasta na iya cewa a matsa a ƙara mutum ɗaya, mota ta yi nishi ta tafi. Jirgi in ya yi nishi, ƙarshen titi yake kai ka.

Akwai ban ɗaki?

Babu. A rage shayi.

Ana ba fasinja laimar dira?

Ba a bayarwa, kuma ba ta da amfani ga wanda bai koyi dira ba. Zama a cikin jirgin da bel ɗaure shi ya fi tsaro. Akwai jirage ƙirar Cirrus da ke da babbar laima guda wadda ke sauko da jirgin ɗungurungum da mutanen ciki.

A can sama akwai 'yan LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas?

Akwai waɗanda suka fi su sa ido, sai dai ba sa tare ka a hanya. Ma'aikatan NAMA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage a sama, su ne ke hasumiya da gaban allon rada, ba ka motsa jirgi a Ikeja sai da izininsu. Duk umarnin da suka ba ka sai ka maimaita musu, don a tabbatar abin da aka faɗa shi ka ji. NCAA ce ke ba da lasisi, ita ke ƙwacewa. NiMet ke ba da labarin yanayi. In tsautsayi ya auku, NSIB ke bincike, kuma aikinta gano dalili ne don kada a maimaita. Lambar kowane jirgin Najeriya da 5N take farawa.

Titunan Ikeja biyu ne, in ka taho daga arewa sunansu 18L da 18R, wato suna kallon kudu sosai, digiri 180. Iskar Legas daga wajen teku ta fi zuwa, jirgi kuma yana son ya fuskanci iska in zai sauka, dalilin da ya sa suke bi ta kanmu a Agege ke nan. In babban jirgi ya tashi a gabana, sai an tsayar da ni minti 2 ko 3, domin guguwar da fukafukansa ke bari a baya na iya kifar da ƙarami irin nawa.

Da hadarin damina da hazon hunturu, wanne ka fi tsoro?

Hazo. Hadari yana nuna kansa. Kana ganinsa ya yi gini baƙi ƙirin, ka ba shi hanya da nisa ko ka zauna a gida, domin iskar da ke cikinsa na iya karya fiffike. Hazo kuwa lallaɓowa yake. A ƙasa ka ga kamar ana gani, kana hawa sai sama da ƙasa su zama launi ɗaya, kamar an nutsa ka cikin koko.

Matuƙin da ke tafiya da ido yana buƙatar ganin aƙalla kilomita 5 a gabansa. In layin da ya raba ƙasa da sama ya ɓace, cikin kunnenka, inda jiki ke auna daidaito, sai ya fara yi maka ƙarya. Jirgi na karkata kana jin a miƙe yake. Ka gyara abin da bai lalace ba, ka lalata abin da ke daidai. Jarumta ba ta magani, sai horo na musamman na tuƙi da agogunan jirgi kaɗai, wanda lasisinsa daban ne. Dare ma haka yake in babu fitilu a ƙasa. Mutanen Arewa ba su manta haɗarin marigayi Gwamnan Taraba Ɗanbaba Suntai ba, wanda ya faɗi da jirgin Cessna 208 da yake tuƙawa kusa da Yola a watan Oktoba na 2012. Cikin dalilan da masu bincike suka kawo akwai ci gaba da tuƙin ido bayan rana ta faɗi.

Wani Janairu na yi wa wani dattijo da nake jin nauyinsa alkawarin kai shi ɗaurin aure Ilorin. Da asuba na ga rahoton yanayi, ganin gaba bai kai kilomita 2 ba a can. Ya iso da babbar riga ta sha guga, turare na tashi. Na durƙusa na ce, “Baba, yau ba za mu iya tashi ba.” Ya ɗaga kai ya ce, “Ga wasu can suna tashi, ɗana.” Na ce waɗancan suna da na'urori da matuƙa biyu da izinin da ni ba ni da shi a wannan jirgin. Ya yi shiru, ya juya ya shiga mota. Kalmar nan ta fi kowace sauka da na taɓa yi wuya, kuma na tabbata kunya irin wannan ta kashe matuƙa da yawa. Mu da aka tarbiyyantar da mu kada mu ce wa babba a'a, sai mun ninka kula a nan.

Kullum sai ka riƙa karanta wata takarda kafin ka tashi. Ba ka haddace ba ne?

Na haddace, kuma shi ya sa nake karantawa, don wanda ya haddace shi ke tsallake layi bai sani ba. Takardar bi-da-bi ce, kowane abu a faɗe shi a taɓa shi. Asalinta daga Amurka ne: a 1935 wani sabon jirgin yaƙi na Boeing ya faɗi yana tashi a hannun ƙwararrun matuƙa, saboda an manta ba a cire makullin da ke riƙe sitiyari in jirgi na ajiye ba. Daga nan aka ce ƙwarewa ba ta hana mantuwa, a rubuta.

Ai in kwana ya ƙare ya ƙare, duk wannan bin diddigin na mene ne?

Gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Ina karanta addu'ar hawa abin hawa duk sanda na rufe ƙofa. Amma an koya mana mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Mutumin da ya zauna a gefena amana ya ba ni, haka matar da ke suyar awara a ƙarƙashin inda nake wucewa, ita da ba ta ma san da ni ba. Mutanen Iju-Ishaga da ke nan Legas suna cikin gidajensu jirgin fasinja ya faɗo musu ran 3 ga Yuni 2012. Har jikina nake bincika kafin na jirgi: na yi barci? Ina shan maganin mura mai sa gyangyaɗi? Raina a ɓace yake? Da azumi ba na ɗaukar doguwar tafiya da yamma, domin ƙishirwa na rage kaifin tunani.

Tsuntsu fa, shi ma sai ya kauce?

Ba kullum ba. Shaho ko ungulu na iya fasa gilashin ƙaramin jirgi. A 2009 garken dinya ya kashe injina biyu na wani babban jirgi a New York, matuƙin ya sauke shi a kogin Hudson, duka mutum 155 suka tsira. Bola da mahauta su ke tara tsuntsaye, saboda haka mu mazauna kusa da filin jirgi muna da hannu a ciki. Ina kuma roƙon iyaye: yaron da ke haska jirgi da 'yar fitilar leza mai kore da dare, a karɓe ta. Tana makantar da matuƙi na ɗan lokaci daidai sanda yake sauka.

Na ga jirgi ya zo kamar zai sauka sai ya sake tashi. Matuƙin ne ya kasa?

Matuƙin kirki ke nan. In gudu ya yi yawa, ko iska ta ture ka, ko akwai abu a kan titi, ka ba da wuta ka zagayo. Minti biyar ne da ɗan mai.

Fisabilillahi, jirginka ya kai manyan jirage aminci?

Bai kai ba, ba zan rufe ku ba. Jirgin fasinja na kamfani yana da injina biyu, matuƙa biyu, da tarin mutane a ƙasa masu duba kowane mataki. A ƙaramin jirgi duk aikin nan a wuyan mutum ɗaya yake. Ƙarfen kansa amintacce ne, Cessna 172 tun 1956 ake ƙera shi, an yi fiye da 44,000. Yawancin haɗurransa daga shawarar matuƙi suke fitowa: mai, yanayi, lodi, da burga a kan rufin gidan surukai.

Ɗan talaka zai iya koyo? Mace fa? Mai tabarau fa?

Tabarau ba ya hanawa in yana gyara gani, likitan jirage ne zai tantance. Mace kuwa, Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, har shugabancin kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ta yi. Kwalejin nan tun 1964 take, akwai wata kuma a Ilorin. Lasisin tuƙa jirgi don kai yana son shekara 17 da aƙalla awa 40 a sama, na kasuwanci shekara 18 da awoyi masu yawa fiye da haka. Kuɗin ne babban dutse, kuma da yawa daga cikin 'yan Arewa da suka yi, gwamnatin jiharsu ce ta ɗauki nauyinsu. Yaron da ke so ya riƙe lissafi da kimiyya da Turanci, don da Turanci ake magana da hasumiya a ko'ina. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu: tun 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano.

To yaushe za ka kai ni Kano? Nawa ne kuɗin mota?

Ba na karɓar kuɗin mota, mai lasisin tuƙa jirgi don kansa irin nawa doka ta hana shi yin haya. Daga Legas zuwa Kano ta sama ya haura kilomita 800, wajen awa huɗu ke nan a gudun kilomita 220, kuma sai mun ya da zango a hanya mun huta mun duba mai. Gara mu fara da Ibadan, minti 40 ne. Ka zo bayan sallar asuba kafin rana ta fara dama iska, ka ci abu kaɗan, ka taho da ƙaramar jaka ɗaya da katin shaida. Zan nuna maka yadda ake buɗe ƙofa da kwance bel, da inda ba a taka ƙafa, kuma ba a zagayawa ta gaban farfela ko injin a kashe yake. Ka bar wayarka a kunne daren da za mu tafi, zan kira ka bayan na ga rahoton yanayi.